Kariyata ta miƙe babu ganye babu fure: yaushe zan datse ta, kuma ta yaya?

Maman Hanifa, Birnin Kebbi, 23 ga Fabrairu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyaye da yayye da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe suna renon fulawa a gida, domin ina da wata damuwa da na kasa warwarewa ni kaɗai.

Ina da kariya guda biyu a cikin tukwane. Ta farko mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, ta yanko mini reshenta daga wadda ke tsakar gidanmu na Argungu a shekarar 2019, lokacin da zan tare, ta kuma dasa mini ita da hannunta a cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa. Furenta irin na gida ne, ruwan hoda da fari a tsakiya. Ta biyun kuwa sayen ta na yi a 2022 wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, tana da ƙaton gindi mai kumburi kamar tulu, kuma furenta ja ne mai ninki biyu.

A 2023 muka koma wani gidan haya a unguwar Gesse, inda tsakar gidan na haɗaka ne, kuma akwai awakin maƙwabta da ke yawo a ciki. Saboda haka na shigar da tukwanen cikin falo, na ajiye su kusa da tagar da ke kallon arewa. Tun daga lokacin rassansu suka fara tsawo suna sirancewa, har wani reshe na kariyar Inna ya kai kamu biyu alhali kaurinsa bai wuce na ƙaramin yatsa ba, kuma duk sun karkata wajen taga, ganye huɗu ko biyar ne kawai a can ƙarshen kowane reshe. Shekara biyu ke nan ban ga fure ko ɗaya ba. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, amma tsawon kawai suke ƙarawa.

Wata maƙwabciyata ta ce in datse su, to amma hannuna ya kasa ɗaukar wuƙa, domin idan kariyar Inna ta mutu ba ni da inda zan samo wata, tun da an sare uwar lokacin da aka yi gini a gidan namu. Abin da nake so in sani shi ne: wane lokaci ne ya fi dacewa da datsa a yanayinmu, a ina ake sa wuƙa a jikin reshe, me ake shafawa a wurin da aka yanke, kuma ko rassan da aka cire za su kama idan an dasa su? Ina kuma da alobera wadda ganyenta na ƙasa suka kwanta, bakinsu ya bushe, ban sani ba ko ita ma ana yi mata aski. Ina da yarinya 'yar shekara uku da ke taɓa komai, don haka idan akwai wani haɗari a cikin aikin ina roƙon a sanar da ni. Allah ya saka da alheri.

Baba Malamin Gona, Gusau, 23 ga Fabrairu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Ki kwantar da hankalinki, kariya ba ta cikin tsirran da wuƙa ke kashewa idan an yi aikin a kan lokaci, kuma na datse su ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a cikin shekarun da na yi ina aikin gona da kuma bayan da na ajiye aiki.

Kafin maganar wuƙa, ya kamata ki san abin da ya jawo wannan tsawon, domin idan kika datse su kika mayar da su bakin wannan tagar, bayan shekara ɗaya za ki sake ganin abin da kike gani yau. Rashin rana ne. Kariya 'yar ƙasa ce, ba baƙuwa ba. Ita ce masana ke kira Adenium obesum, kuma tana fitowa da kanta a busassun wurare tun daga Senegal har Sudan da Habasha da kudancin yankin Larabawa, a kan tudu da duwatsu inda babu inuwa. Tana son rana ta buge ta kai tsaye aƙalla awa 6 a yini. Tagar da ke kallon arewa kuwa, a ƙasarmu, kusan duk shekara haske kawai take bayarwa, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta. Tsiron da bai sami rana ba sai ya dinga miƙa wuya yana neman ta, ratar da ke tsakanin ganye da ganye ta yi faɗi, reshe ya yi laushi, fure kuma ya ɗauke. Ruwa da takin da kika ƙara su ne suka ba shi ƙarfin ci gaba da wannan miƙewar.

Dalilin da ya sa datsa ke gyara siffarta kuwa, kin san shi tun a jikin zogale. Idan aka bar zogale ya tafi sama sai ya zama sanda guda, amma idan aka sare kansa sai ya fito da rassa ta ko'ina. Kan kowane reshe yana samar da wani sinadari da ake kira oksin, wanda ke gangarowa ƙasa yana hana idanun da ke jikin reshen buɗewa. Da zarar an cire kan, sai idanu biyu ko uku da ke kusa da wurin yankan su farka su yi toho. Kariya kuwa a ƙarshen sabon reshe take yin fure, saboda haka yawan rassa shi ne yawan fure.

Game da lokaci, ki bari hunturu ya gama wucewa, dare ya daina sanyi, wato daga makon farko ko na biyu na Maris zuwa tsakiyar Afrilu. A cikin sanyi tsiron yana hutawa, idan an yanke shi sai mikin ya zauna makonni ba toho. A damina kuma laima ce ke shiga mikin ta ruɓar da reshen. Bazara ita ce tsakiya: akwai zafin da zai sa ta tofo da sauri, iska kuma a bushe take, miki zai ƙeƙashe cikin kwana biyu ko uku. Wadda ke waje tana cikin fure a wannan lokacin akan jira ta gama, amma taki ba ta da furen da za ki yi asararsa.

Ga yadda nake yi. Kwana uku ko huɗu kafin aikin nakan ba ta ruwa ta ƙoshi, domin bayan an yanke za ta daɗe ba ta sha ba. Ki sami sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi sosai wadda ba ta girki ba, ki goge ta da sifirit irin wanda ake sayarwa a kemis, kuma ki sake gogewa duk lokacin da za ki koma wani reshe. Kada ki yi amfani da almakashin ɗinki, domin yana murƙushe naman reshen, kuma wurin da ya murƙushe nan ruɓa ke farawa. Ki duba jikin reshen da kyau, za ki ga ƙananan tabo inda tsofaffin ganye suka faɗi. A saman kowane tabo akwai ido. Ki zaɓi idon da ke kallon waje, ba wanda ke kallon tsakiyar tsiron ba, ki yanke kimanin santimita 1 a samansa, a ɗan karkace yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba, kuma da yanka ɗaya, ba gurzawa ba. Kowane reshe ki bar masa tsawon taƙi guda daga inda ya rabu da uwa, wato santimita 15 zuwa 20. Zai yi miki kamar kin yi ɓarna, amma idan kika tsinke kai kawai, sabbin rassan za su fito ne a can sama, a kan sandar da ba za ta iya ɗaukar su ba.

Idan kin yanke, ki dubi fuskar yankan. Lafiyayyen reshe fari ne mai ɗan kore, babu ɗigo. Idan kin ga ɗigon ƙasa-ƙasa ko baƙi, ki goge rezar ki ƙara yankewa ƙasa kaɗan har sai kin iske fari tas. Ki tsane ruwan da ke fitowa da tsumma ko takarda, ki barbaɗa garin kirfa ko tokar murhu da aka tankaɗe, sannan ki ajiye tukunyar a inuwa mai iska na tsawon mako guda.

Kariyar taki ta biyu tana da nata sharaɗi. Furen nan ja mai ninki biyu ba ya fitowa daga iri yadda yake, aure ake yi masa, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a sami gindin da ya fito daga iri, a ɗora masa reshen mai kyakkyawan fure. Masu wannan sana'a suna da yawa a Tailan. Ki duba saman gindin ko ƙasan rassan, za ki ga wani tabo da ya zagaye reshe, ko mai siffar baki biyu da suka haɗu, inda launin fatar ya ɗan bambanta. Nan ne wurin auren. Duk yankan da za ki yi ya kasance a samansa da aƙalla santimita 8 zuwa 10. Idan kika yanke a ƙasansa kin jefar da jan furen ke nan har abada, abin da zai tofo furen gindin ne, mai ruwan hoda. Haka kuma duk tohon da ya fito a ƙasan auren ki cire shi tun yana ƙarami, domin yakan fi na saman ƙarfi.

Rassan da kika cire za su kama. Ki zaɓi ɓangaren da ya fi kauri, ki yanka shi tsawon taƙi, ki cire ganyen, ki jingine shi a inuwa kwana 5 zuwa 7 har bakin ya bushe, sannan ki soka shi cikin yashi mai ɗan danshi, zurfin yatsu uku. Ki lura da gefen da ke ƙasa tun yana jikin uwa, kada ki dasa shi a kife. Sai dai wanda aka dasa daga reshe ba ya yin ƙaton gindi da wuri kamar wanda ya fito daga iri, shi ya sa kika ga ta mahaifiyarki ba ta da tulun nan da ɗayar ke da shi. Ba ciwo ba ne.

Hajiya Kulu, Jega, 24 ga Fabrairu

Salamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, kun yi bayani mai gamsarwa. Ƙanwata Maman Hanifa, ina so in ƙara miki da abin da ya same ni, domin ki riƙe maganar lokaci da hannu biyu.

A 2021 ina da wata kariya da ta shekara bakwai a hannuna, gindinta ya kai girman ƙwaryar fura. Cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, na ga ta yi ganye da yawa ta toshe hanyar shiga ɗaki, sai na sa wani yaro mai gyaran fulawa ya rage mata rassa. Ya yanke su a miƙe, fuskar yankan tana kallon sama kamar faranti, ya shafa toka, ya tafi. A daren aka kwana ana ruwa. Da safe na tarar tokar ta jiƙe ta zama kamar kunu a kan kowane reshe, kuma ranar ba ta fito ba sai bayan kwana biyu. Cikin mako guda kan rassan ya yi baƙi, na matsa ɗaya da yatsa sai ya lotsa, wani ruwa mai wari ya fito. Na bi su ina yankewa ƙasa-ƙasa, amma ruɓar ta riga ni isa gindi. Ranar da na tuge ta, gindin nan da nake alfahari da shi ya zama kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, hannuna ya shige ciki. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci, domin da na yi haƙuri zuwa bazara da tana nan.

Saboda wannan ne, tare da girmamawa ga Baba, ni ban ƙara sa toka ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in bar yankan ya sha iska yini guda har fuskarsa ta bushe, sannan in shafa masa farin gam ɗin nan na kafintoci, siriri, ya rufe fuskar. Wasu suna ɗiga kyandir. Amfaninsa a wurina biyu ne: idan ruwan bazara ya zo ba zato ba ya shiga, kuma reshen ba ya ƙeƙashewa ya ja da baya ya cinye idon da aka bari. Amma kada a shafa shi a kan ɗanyen yanka, domin sai ya kulle danshi a ciki.

Shawarata ta biyu ta shafi kariyar mahaifiyarki ita kaɗai. Tun da kin ce ba ki da inda za ki samo wata, ni da ni ce ba zan datse ta gaba ɗaya a rana guda ba. Zan yanki reshe ɗaya tukuna, in raba shi biyu ko uku, in dasa a wurare daban-daban, sai na ga sun kama sannan in taɓa sauran. Idan wani abu ya sami uwar, kina da 'ya'yanta a hannu.

Ki kuma duba ƙasar da ke cikin tukwanen. Idan irin ƙasar fadama ce mai riƙe ruwa, ki canza ta. Ni nakan haɗa yashin gulbi mai tsakuwa kashi biyu, da buntun shinkafa da aka babbake kashi ɗaya, da tsohon takin awaki da ya rududduge kashi ɗaya, in ƙara ɗan dakakken gawayi. Buntu dai ba ya yi mana wuya a Kebbi, duk inda injin casa yake za ki samu. Tukunyar kuma lallai ta kasance da huda a ƙasa, kuma kada ki bar ta zaune cikin faranti mai ruwa.

Alobera ba a yi mata aski irin na kariya, domin ba ta da rassa, daga tsakiya take girma, kuma idan aka yanke tsakiyar an lalata ta. Ganyen ƙasa da suka kwanta ko suka bushe su ake cirewa, a yanke su dab da jiki, kada a wuce uku ko huɗu a lokaci guda. Ganyen da aka gutsure bakinsa, bakin ba ya sake fitowa. Idan ta yi 'ya'ya a gefe, ki raba su da saiwarsu ki dasa, domin ganyenta shi kaɗai ba ya kamawa, ruɓewa yake yi.

Abu Safwan, Yauri, 24 ga Fabrairu

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma zan tsaya a kan tambayarki ta ƙarshe, Malama, domin ba a taɓa ta ba tukuna, kuma ita ce ta fi damuna.

Ruwan da ke fita daga jikin kariya dafi ne, ba ƙaiƙayi kawai yake sawa ba. Dangi ɗaya suke da tumfafiya da kuma ƙwanƙwani, wanda maharba ke dafa dafin kibiya da shi, kuma ita kanta kariyar an yi amfani da ita wajen dafin kibiya da kashe kifi a sassa da yawa na Afirka. Sinadaran da ke cikinta suna aiki ne a kan zuciya, irin aikin maganin nan digoksin da ake ba wasu masu ciwon zuciya da awo mai tsauri. Wanda ya ci yakan fara da tashin zuciya da amai da ciwon ciki, daga baya bugun zuciya ya ragu ko ya rikice. Yaro ƙarami kuwa abu kaɗan ya ishe shi.

Don haka ranar da za ki yi aikin, ki kai yarinyar wurin maƙwabta ko ki bari sai ta yi barci. Ki sa safar hannu ta roba, idan babu ki ɗaura leda, musamman idan kina da rauni a hannu. Kada ki taɓa ido ko baki har sai kin wanke hannu da sabulu. Idan ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai tsabta ana kwarara shi na tsawon minti 15, sannan a je asibiti idan zafin bai lafa ba. Idan yaro ya tauna ganye ko reshe, a cire abin da ya rage a bakinsa, a kuskure masa, kada a tsaya ba shi manja ko madara ana jiran a ga abin da zai faru, kada kuma a sa masa yatsa don ya yi amai. A kai shi asibiti nan take tare da guntun tsiron domin a san abin da ya ci.

Ganye da guntayen da ba za ki dasa ba, ki ƙulle su a leda ki binne ko ki kai su inda dabba ba ta kaiwa. Kada ki zuba su a juji na tsakar gida tun da akwai awaki. Waɗanda za ki shanya don dashe kuma ki ɗora su a kan katanga ko saman kabad. Masu ajiye tinya ko ƙerana a tukunya su ma su yi hattara fiye da haka, domin farin nononsu yana iya yi wa ido mummunan lahani.

Maman Hanifa, Birnin Kebbi, 25 ga Fabrairu

Baba, Yaya Hajiya, Malam Abu Safwan, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Jiya da yamma na ɗauki tocila na duba jar kariyar, na kuwa ga tabon auren a gindin rassa uku, kowanne ya zagaye reshen kamar zobe. Da ban tambaya ba, a ƙasansa na yi niyyar yankewa.

Baba, saura abu biyu. Shawarar Yaya Hajiya ta yankan reshe ɗaya tukuna ta kwanta mini a rai, amma ina tsoron kada jiran ya kai ni cikin damina. Na biyu, mun yi magana da maigidan, ya ce zai sa a ɗaura mini katako a jikin bangon baranda ta gabas, sama da inda awaki ke kaiwa. Shin in fitar da su rana tun yanzu, ko sai bayan an datse?

Baba Malamin Gona, Gusau, 25 ga Fabrairu

'Yata, Hajiya ta yi gaskiya a kan toka: maganin rani ce, idan ta jiƙe ta zama cuta, kuma gam ɗin da ta ambata yana aiki matuƙar an bar yankan ya bushe tukuna. Ki ɗauki wanda ya fi miki sauƙi.

Maganar reshe ɗaya tana da ɗan aibi da ya kamata ki sani. Idan aka yanke reshe guda aka bar sauran, tsiron yakan tura ƙarfinsa wajen waɗanda ba a taɓa ba, wanda aka yanke kuma ya fito da toho ɗaya tal ko ya yi shiru. Shi ya sa masu neman kai mai cika suke yanke su duka a rana ɗaya. Amma wannan hasara ce ta ado, kuma abin da kike tsoro ya fi ado nauyi. Lissafin ma yana ba ki dama: idan kin yanki reshen farko a makon farko na Maris, kika shanya shi mako guda, zai yi saiwa cikin mako huɗu zuwa shida, wato tsakiyar Afrilu. A Birnin Kebbi ruwa ba ya zama sosai sai Yuni, saboda haka kina da sauran lokacin da miki zai warke. Da a Yauri ko Zuru kike, inda ruwa ke riga sauka, da na ce kada ki wuce farkon Afrilu. Jar kuwa ki datse ta gaba ɗaya a Maris, babu abin jira.

Ki fara fitar da su tun yanzu, amma da sannu. Fatar da ta shekara biyu a ɗaki tana ƙonewa idan ta haɗu da ranar bazara kwatsam, kuma ƙunar gindi tabo ne da ba ya gogewa. Kwana uku na farko awa ɗaya na hantsi ya isa, sannan ki dinga ƙarawa har cikin mako biyu su iya wuni a barandar. Gabas ta yi daidai, domin za su sha ranar safe su tsira daga ta azahar, wadda a Afrilu takan haura digiri 40. Bayan datsa kada ki ba su ruwa sai bayan mako guda, daga nan kuma kaɗan-kaɗan, sai ƙasar ta bushe har zurfin yatsa, domin tsiron da ba shi da ganye ba ya jan ruwa, abin da kika zuba a gindinsa zai zauna. Taki kuma sai sabbin ganye sun buɗe. Idan za ki canza ƙasa kamar yadda Hajiya ta ce, ki yi wa jar a ranar da kika datse ta, amma ta mahaifiyarki ki bar saiwarta a inda take sai baɗi.

Sabon toho yana jawo wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye. Idan kin gan shi, ki dangwali sifirit da auduga ki goge shi tun bai yaɗu ba.

Maman Hanifa, Birnin Kebbi, 14 ga Mayu

Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labarin yadda aka yi, domin haƙƙinku ne ku sani.

Ranar 7 ga Maris na datse jar gaba ɗaya, na kuma yanki reshe mafi tsawo na kariyar Inna na raba shi uku. Jar ta fara toho bayan kwana 16, wasu ƙananan kumburi masu sheƙi kamar ƙwayar gero a saman tabon ganye, yanzu kuma rassanta uku sun zama takwas, gajeru masu kauri, ganyensu a cushe. Biyu daga ciki sun ƙunso fure a wannan makon, kuma bakin ƙunshin ja ne.

A cikin guda ukun da na dasa, wanda ya fito daga can ƙarshen reshen, mafi siranta, ya yanƙwane ya mutu. Biyun sun kama. Ranar 13 ga Afrilu na ɗan ja ɗaya a hankali na ji ya riƙe yashi, kuma yana da ganye biyu. Washegari na datse sauran rassan uwar. Bayan kwana biyar na ga kan reshe ɗaya ya yi duhu a ƙarƙashin gam ɗin, ina jin na yi gaggawar shafa shi ne. Na goge reza na yanke santimita 2, na ga ɗigo, na ƙara 2 na iske fari, na bar shi a buɗe kwana biyu cur. Ya tsaya, kuma shi ma ya fito da toho ɗaya, sauran kuwa bibbiyu.

Shekaranjiya hadari ya haɗu da la'asar, aka yi yayyafi na ɗan lokaci, na janyo tukwanen can cikin baranda har ya wuce. Ɗaya daga cikin dashen biyu na ware wa ƙanwata da ke aure a Argungu, zan kai mata idan ya ƙara ƙarfi. Yaya Hajiya, idan marka ta zo, shin rufin baranda ya isa ya kare su, ko sai na ɗaura leda a gefen da feshi ke shigowa?